Na'urorin Gida Masu Lura da Haɗari da Lafiya: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da magidanta suka fi yi kafin su sa na'urorin lura a gidajensu. An gina amsoshin ne a kan irin gidan da muka sani: wutar NEPA na zuwa tana tafiya, janareta na kwana yana aiki, ana girki da gas ko gawayi, ga yara ga tsofaffi a gida ɗaya.

Me ake nufi da gida mai na'urorin zamani?

Abubuwa 3 ne ke haɗuwa. Akwai na'urar da ke ji, wato mai gano hayaƙi, ko gas, ko motsi, ko zafi, ko buɗewar ƙofa. Akwai hanyar da take isar da labari, ko ta Wi-Fi, ko Zigbee, ko Bluetooth, ko layin waya. Sai kuma abin da ke aikatawa: jiniya ta yi kuka, fitila ta kama, bawul ya rufe gas, saƙo ya shiga wayar maigida yana kasuwa. Tsohuwar ƙararrawa tana iya na farko da na ƙarshe, amma sai wanda ke kusa ne zai ji ta. Abin da sabuwar ta ƙara shi ne kai labari nesa, da ajiye tarihin abin da ya faru, da sa wata na'urar ta yi aiki saboda abin da wata ta ji.

Me ke sa mutane kashe kuɗi a kansu?

Babban dalili shi ne barci. Mai barci ba ya jin wari yadda zai tashe shi, kuma iskar kabon monoksaid mai guba da janareta ke fitarwa ma ba ta da warin. Na biyu shi ne rashin mutum a gida: miji na wurin aiki, mata na makaranta ko asibiti, an bar yara da 'yar aiki. Na uku iyaye ne da suka manyanta, suna Katsina ko Damagaram, 'ya'yansu na Abuja ko Legas ko ƙasar waje, hankalinsu na gida. Na huɗu kuma masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda likita ke buƙatar awon kwanaki a jere kafin ya san ko magani na aiki.

Tsoron ɓarayi ne ke fara kawo yawancin mutane shago, shi ya sa kyamara ta fi kasuwa. A ganinmu an juya tsarin. Kyamara tana nuna abin da ya riga ya faru, na'urar hayaƙi kuwa tana tashin mutum da sauran lokacin fita.

Idan kuɗina kaɗan ne, da wace zan fara?

Da na'urar gano iskar kabon monoksaid, idan akwai janareta ko ana shiga da gawayi ɗaki. Bayanta na'urar hayaƙi a hanyar ɗakunan kwana, sannan ta gas a kicin. Daga nan a kira mai wayarin ya sa birekar da ke yanke wuta idan ta bi jikin mutum, mai lamba 30mA, tare da na'urar da ke katse layi idan wuta ta hau ko ta sauka fiye da kima. Idan akwai mai hawan jini, na'urar awonsa ta shiga sahun farko. Kyamara da makullin zamani su jira.

Ƙa'ida ɗaya ta shafi dukkan na'urorin ceton rai: dole su iya yin kuka da kansu, da batirinsu, ko babu intanet. Saƙon waya ƙari ne. Na'urar da ba ta da jiniya a jikinta, sai ta manhaja kawai take magana, ba ta cancanci a dogara da ita da dare ba.

Janaretana yana waje. Ina ruwana da na'urar kabon monoksaid?

Ya danganta da abin da ake kira waje. Baranda, ƙarƙashin bene, lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga, gareji mai ƙofa a buɗe, zaure, duk waɗannan wurare iskar na taruwa a cikinsu ta shiga ɗaki ta taga ko ƙarƙashin ƙofa. Hukumar CDC ta Amurka na ba da shawarar a nisanta janareta da aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da gida. Gidajen haya da yawa ba su da wannan filin, kuma tsoron sata ko ruwan sama na sa a jawo shi kusa. A irin wannan gida na'urar ta zama dole.

Iskar ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau 200 da wani abu, don haka kaɗan ma a hankali take taruwa a jiki. Alamunta na farko ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala, abin da mutane ke ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiya. Abin lura shi ne mutane da yawa a ɗaki ɗaya su kamu lokaci guda, su ji sauƙi idan sun fita. Mai ciki da jariri da mai ciwon zuciya su ne ta fi saurin kayarwa. Kaskon gawayi da ake shigarwa ɗaki lokacin sanyi, musamman ɗakin mai jego da aka toshe ko'ina don kada iska ta taɓa jariri, irin iskar nan yake fitarwa ko da garwashin ya daina hayaƙi.

Ku nemi na'ura mai alamar EN 50291 ko UL 2034 a jikinta. Mai bin ƙa'idar EN 50291 za ta yi kuka cikin minti 60 zuwa 90 idan iskar ta kai 50 ppm (wato kashi 50 cikin miliyan na iskar ɗaki), cikin minti 10 zuwa 40 a 100 ppm, kuma kafin minti 3 a 300 ppm. Wannan jinkirin da gangan ne, domin illar na bin yawan iskar da tsawon lokacin shaƙarta. Iskar nauyinta kusan ɗaya da iskar ɗaki, saboda haka a ɗakin kwana a maƙala na'urar daidai tsayin kan mai barci, ba bayan labule ko cikin durowa ba, ba kuma gaban fanka ba. Kowane ɗakin kwana da ke ɓangaren janareta ya samu tasa.

Idan ta yi kuka: kowa ya fita waje tukuna, a kashe janareta, a buɗe ƙofofi da tagogi, a ƙirga mutane. Wanda ya suma, ko yake amai, ko ya rikice, a kai shi asibiti a gaya musu hayaƙin janareta ne don su sa masa oksijin. Madara ko manja ba sa cire wannan guba daga jini.

Tawa tana kuka alhali ba a kunna janareta ba. Ta lalace ne?

A fara ɗaukar kukan da gaske, a fita, sannan a bincika. Janaretan maƙwabci, mota da aka bari tana aiki a gareji, ko gawayin kicin duk suna iya jawo shi. Akwai kuma wani sanadi da ba kowa ya sani ba: batirin inbata mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin idan yana caji, musamman idan cajin ya wuce kima, kuma na'urar na ɗaukar wannan iskar a matsayin kabon monoksaid. Maganinsa a duba cajar, a ba ɗakin batir iska, a matsar da na'urar daga wurin. Haidurojin ɗin ma kansa yana kama wuta, don haka gargaɗin bai tafi a banza ba.

Ƙaramin tsuwa guda ɗaya duk bayan kusan minti ɗaya yana nufin batir ya yi sanyi ko wa'adin na'urar ya cika. Sinadarin da ke cikinta na ƙarewa tsakanin shekara 5 zuwa 10, kuma ranar na rubuce a bayanta. A duba wannan rana tun a shago, don akwai kayan da suka daɗe a ajiye.

A ina ake sa na'urar gano yoyon gas?

Ƙasa. Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, yana gangarawa kamar ruwa ya kwanta a ƙasan kicin, ya shiga ƙarƙashin kabad da magudana. A sa na'urar kada ta wuce santimita 30 daga daɓe, tsakanin mita 1 zuwa 4 daga murhu. Masu sa ta a silin sun bi umarnin gas ɗin bututu na Turai ne, wanda shi sama yake tashi. A tabbatar an rubuta LPG, wato gas ɗin silinda, a kwalin.

Ita wannan na'urar tana cin wuta fiye da ta hayaƙi, shi ya sa yawancinsu soket ake sa su. Idan NEPA ta ɗauke, ta mutu, sai dai in tana kan layin inbata ko tana da batirin ajiya. Maganin sauro na feshi, turaren feshi da sinadarin goge-goge suna sa ta kuka na ƙarya, don haka kada a fesa su kusa da ita. Akwai masu zuwa da bawul da ke rufe gas da kansa, kuma suna da amfani, amma yoyon da ke tsakanin silinda da bawul ɗin ba za su tsayar da shi ba. Shi ya sa silinda ta fi dacewa a waje, a inuwa, a tsaye. Duk lokacin da aka canza silinda a shafa ruwan sabulu a bakin regileta da mahaɗar tiyo: kumfa na tashi, akwai yoyo. Tiyon da ya tsattsage ko ya ƙandare a canza shi.

Idan ta yi kuka, kada a taɓa makunnin fitila, kunnawa ko kashewa, kada a kunna fanka ko janareta. A rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, a fita, a yi waya daga waje.

Na'urar hayaƙi ta dame mu da kuka idan an sa turaren wuta. Mu cire ta?

A'a, a canza mata wuri. Gidan da aka cire wa batir saboda haushi daidai yake da gidan da bai taɓa saya ba. A sayi mai aiki da haske, mai alamar EN 14604, domin ta fi saurin gano hayaƙin katifa da kujera da wayar wuta da ke ci a hankali, kuma hayaƙin girki bai cika tayar da ita ba. A sa ta a silin, aƙalla santimita 30 daga bango da fitila, mita 3 daga murhu, nesa da fikafikan fanka da ƙofar banɗaki. A cikin kicin kansa na'urar zafi ake sawa, wadda ke kuka idan zafin silin ya kai wajen digiri 58.

Kusan dukkansu suna da maɓallin da ke yi musu shiru na kamar minti 10. A danna shi lokacin turare, ta koma aiki da kanta. Ƙurar hunturu da ƙananan ƙwari ma na shiga cikinta su sa ta kuka ba dalili, don haka daga Nuwamba zuwa Maris a riƙa share ramukanta da busasshen buroshi duk wata. A gida mai bene ko mai sassa da yawa a sayi waɗanda ke haɗe da juna, ɗaya ta ji duka su yi kuka. Bayan shekara 10 a canza ta gaba ɗaya.

Idan NEPA ta ɗauke ko data ta ƙare fa?

A nan yawancin tsare-tsare ke rushewa. Na'urar na iya zama da batir, amma rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta mutu, saƙo bai fita ba. Rauta na cin wat 5 zuwa 12. A ɗauka wat 10 ne: awa 8 na buƙatar wat-awa 80. Ƙaramin batirin ajiya da aka rubuta wa 10,000mAh wat-awa 37 ne kacal, bai kai ya riƙe ta awa 4 ba. A yi wannan lissafin kafin a saya, ko a ɗora rauta da akwatin haɗa na'urori a kan layin inbata.

Inda sabis ɗin intanet ke da rauni, ƙararrawa mai ɗaukar layin waya ta fi, don tana kira ko ta tura saƙon tes kai tsaye. Sai dai a riƙa sa wa layin kuɗi ana amfani da shi, kada kamfani ya rufe shi ba a sani ba. Na'urorin Zigbee da ke ƙarƙashin akwati ɗaya a gida, ko tsarin Home Assistant, suna iya ci gaba da umartar juna ko intanet ta yanke. Yawancin masu arha na manhajar Tuya ko Smart Life masu Wi-Fi kuwa sai umarnin ya je sabar kamfani, wato kwamfutarsa da ke intanet, ya dawo. Wani abin da ke wahalar da mutane ranar haɗawa: kusan duk ƙananan na'urorin nan zangon Wi-Fi na 2.4GHz kawai suke kamawa. Idan wayarku na kan 5GHz, haɗin zai yi ta ƙi.

Soket mai manhaja zai hana gobarar dutsen guga da hita?

Zai taimaka sosai idan an saita shi daidai. Gobara da yawa haka take tashi: ana guga ko an jefa hita a bokiti, aka ɗauke wuta, aka manta, aka fita, wuta ta dawo ba kowa. A cikin manhajar akwai wurin da ake zaɓar halin da soket zai kasance idan wuta ta dawo. A zaɓi ya zauna a kashe. A ƙara masa umarnin kashe kansa bayan minti 30. Waɗannan saituna 2 sun fi duk sauran abin da soket ɗin ke yi amfani.

A kula da ƙarfinsa. Mai 10A a wutar 230V iyakarsa wat 2,300, kuma bai kamata a riƙa kai shi iyaka na awanni ba. Dutsen guga da butar lantarki na iya kai wat 2,000 ko fiye, don haka mai 13A ko 16A ya dace da su. Na'urar sanyaya ɗaki da injin tura ruwa suna fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, suna ƙona ƙaramin makunnin da ke cikin soket har ya manne a kunne. Su sai ta kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta mai yawa, aikin mai wayarin. Soket ɗin da ya yi zafi a hannu, ko ya canza launi, ko yake warin roba, a cire shi nan take.

Mahaifiyata ta tsufa, tana kwana ita kaɗai. Me ya fi mata amfani?

Haske kafin komai. Tsofaffi sun fi faɗuwa da dare da asuba, a hanyar banɗaki ko wurin alwala, a kan tayil mai santsi. Fitila mai batir da ke kamawa da kanta idan ta ji motsi, ɗaya gefen gado, ɗaya a hanya, ɗaya a banɗaki, a ƙasa-ƙasa don kada ta kashe mata ido. A haɗa da ƙarfen riƙewa a bango, da kujerar alwala, da shimfiɗar roba mai hana santsi.

Sai maɓallin kira, wanda ake ratayawa a wuya ko a ɗaura a hannu, mai jure ruwa, domin a banɗaki aka fi buƙatarsa kuma a nan aka fi cire shi. Ya yi ƙara a ɗakin wanda ke cikin gidan, sannan ya tura saƙo ga na nesa. Agogon hannu masu gane faɗuwa, irin wanda Apple ya fara fitarwa a 2018, sun fi gane faɗuwa mai ƙarfi. Tsohuwar da ta zame a hankali ta jingina da bango ta kasa tashi, agogon na iya rasa ta. Kuma sai an yi masa caji kusan kullum.

Akwai dabara mai sauƙi da ba ta keta mutunci: na'urar ƙofa ko ta motsi da za ta sanar idan har ƙarfe 7 na safe Hajiya ba ta buɗe ƙofarta ba, alhali ta saba tashi sallar asuba. Kyamara a ɗakin kwanan uwa ko uba ba mu ba da shawararta, sai in rashin lafiya ya kai ga haka kuma sun yarda. Duk abin da za a sa, a zauna a yi musu bayani a nemi izininsu. Abin da tsoho bai yarda da shi ba, a durowa zai ƙare.

Na'urar awon hawan jini mai haɗuwa da waya ta fi ta gargajiya?

Awon ɗaya ne, bambancin ajiyar tarihi ne. Wanda zai iya rubutawa a littafi bai rasa komai ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ta zama ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, kuma ɗaurin ya dace da kaurin hannu. Na kowa da kowa yana ɗaukar santimita 22 zuwa 32, babba 32 zuwa 42. Ɗauri ƙarami a hannu mai kauri yana ƙara lamba, ya sa a ɗauka ciwon ya fi yadda yake.

A zauna a kujera minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Kada a ci goro, ko a sha shayi mai kauri ko kofi ko sigari minti 30 kafin awo. A auna sau 2, tsakani minti 1, safe kafin shan magani da kuma yamma, kwana 7 a jere kafin ganin likita. A awon gida, matsakaicin da ya kai 135/85 hawan jini ne. Idan ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko ganin dishi-dishi, ko nauyin harshe, ko mutuwar ɓarin jiki, asibiti nan take. Mai ciki kuwa 140/90 ma ya isa a tafi, balle da ciwon kai ko kumburin fuska. Kada kowa ya ƙara ko ya rage magani saboda abin da manhaja ta nuna. A kai na'urar asibiti sau ɗaya a shekara a gwada ta da tasu.

Na'urar yatsa mai auna oksijin fa?

Tana da amfani ga mai asma ko ciwon huhu, amma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike na Jami'ar Michigan da aka buga a 2020 ya nuna na'urar ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata, kusan ninki 3 na fararen fata, wato tana nuna lamba mai kyau alhali jini ya gaza. Jan farce, lalle mai duhu, sanyin yatsa da motsi ma suna rikita ta. Lamba 92 ko ƙasa ta isa a tafi asibiti, amma wanda numfashi ke yi wa wuya kada ya tsaya don na'ura ta ce 96.

Muna ajiye insulin a firji, wuta kuma ba tabbas.

Wannan wuri ne da ƙaramar na'urar auna sanyi ke biyan kuɗinta. Insulin da ba a buɗe ba yana son digiri 2 zuwa 8. A sa na'urar a tsakiyar firji kusa da maganin, a saita ta sanar idan ya haura 8 ko ya sauka ƙasa da 2. Daskarewa ta fi ɗumi ɓarna: wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya, don haka kada a jingina shi da bangon baya. Wanda aka fara amfani da shi, yawancin nau'o'i na jure kwana 28 idan zafi bai wuce digiri 30 ba, amma ɗaki a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya wuce haka. Firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4 bayan ɗauke wuta. Ƙarfen firji na tare sigina, shi ya sa mai siririyar waya da ke shiga ciki, jikinta na waje, ta fi aminci.

Na'urar auna tsabtar iska na da amfani lokacin hazo?

Ga gidan da ke da mai asma, e. Ƙurar da iskar hunturu ke ɗebowa, mai yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana da ƙananan ƙwayoyi da ke shiga can cikin huhu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa iyakar PM2.5, wato waɗannan ƙananan ƙwayoyin, a maikurogiram 15 cikin kowace mita kubik a matsakaicin yini. Na'urar za ta nuna muku lokacin rufe taga, ta kuma nuna yadda turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi ke ɗaga lambar a ɗaki rufaffe. Auna kawai ba ya gyara iska. A sa injin tacewa mai matatar HEPA a ɗakin kwanan mai ciwon, ƙofa a rufe, a riƙa kakkaɓe matatar gaba duk mako. A guji masu fitar da iskar ozon, suna tayar da asma.

Kyamara nawa take cin data, kuma wa ke iya kallon gidana?

Kyamarar da ke tura hoto a megabit 1 cikin daƙiƙa tana cin kusan megabait 450 a awa, kusan giga 11 a yini. Saboda haka a sa mata katin memori ta riƙa ajiyewa a gida, ta turo saƙo kawai idan ta ga mutum. Katin giga 64 zai ɗauki kusan kwana 6 a wannan ƙimar. A sayi katin da aka yi don ɗauka ba tsayawa, na waya na mutuwa da wuri ba tare da sanarwa ba.

Wurinta ƙofar gida, gareji da bayan katanga. Tsakar gida inda mata ke aiki ba mayafi, da ɗakunan kwana, ba wurin kyamara ba ne, kuma kada ta leƙa gidan maƙwabci. Masu aiki a gidan su san da ita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai haɗawa ya buɗe asusun da imel ɗinsa ko lambarsa, ya tafi da ikon kallon gidan. Maigida ya buɗe asusun da kansa, ya canza kalmar sirri bayan an gama aiki, ya kunna tabbatarwa mai mataki 2, ya duba jerin waɗanda aka ba izini. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba da wata dabara ba sai gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta.

Idan kamfanin ya rufe fa?

Ya taɓa faruwa. A 2016 aka kashe sabar kamfanin Revolv, akwatunan haɗa na'urori da mutane suka saya suka daina aiki. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe nasa ba sanarwa. Kafin saye a tambaya: me na'urar za ta iya yi idan ba sabar kamfani? Masu alamar Zigbee ko Matter, tsarin da ya fito a 2022 da goyon bayan Apple, Google, Amazon da Samsung, sun fi sauƙin komawa ƙarƙashin wani akwatin.

Makullin yatsa ko na lamba yana da haɗari idan gobara ta tashi?

Idan daga ciki ba ya buɗewa da murɗa hannu sau ɗaya, ba batir ba lamba, kada a saya. A ajiye makullinsa na ƙarfe a wajen gida, wurin amintacce. Gidajenmu masu ƙarafen taga ko'ina sun riga sun rage hanyar fita, don haka aƙalla taga ɗaya a ɓangaren kwana ta zama mai ƙarfe mai buɗewa, makullinta rataye inda babba zai lalubo a duhu.

Rijiya da tankin ƙasa, akwai abin da zai kare yara?

Murfi mai nauyi da kwaɗo tukuna. Bayan haka a maƙala na'urar ƙofa mai maganaɗisu, mai jure ruwa, ta yi ƙara a cikin gida duk lokacin da aka ɗaga murfin. Yaro na nutsewa cikin 'yan mintuna kuma ba ya ihu, don haka jiniyar da za a ji a tsakar gida ake buƙata, saƙon waya ya yi jinkiri. Bokiti da baho masu ruwa a zubar ko a rufe, su ba na'urar da ke tsaronsu.

Bayan an sa su, wane aiki ya rage?

Duk wata a danna maɓallin gwaji na kowace ƙararrawa, a tabbatar an ji ta daga ɗakin da ya fi nisa, ƙofa a rufe, fanka na aiki, a kuma ga saƙon ya shiga waya. Wayoyin Android da yawa na kashe manhaja a ɓoye don tanadin batir, saƙo ya zo a makare ko ya ƙi zuwa, don haka a cire manhajar ƙararrawa daga wannan tanadin, a ba ta izinin yin ƙara ko waya na shiru. Batir mai cirewa a canza shi duk shekara, a duba ko zafi ya sa ya yi yoyo. Yawancin na'urorin cikin gida an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kada a sa su ƙarƙashin kwano mara silin ko inda rana ke dukansu. A rubuta ranar sawa a jikin kowace da alƙalami.

Sannan a tsara wanda zai amsa. Saƙo ya riƙa zuwa wa aƙalla mutum 2, ɗaya daga cikinsu maƙwabci ko ɗan'uwa da zai iya isa gidan cikin minti 5 kuma yana da makulli. Yara da masu aiki su san kukan kowace na'ura, da ƙofar da za su bi, da wurin da za a taru a waje. A manna lambobin gaggawa kusa da ƙofa: 112 a Najeriya, 18 ta 'yan kwana-kwana a Nijar, da lambar ofishin kashe gobara da asibitin da suka fi kusa da unguwarku.